Uwargida, Idan Maigida Soja Ya Ce Zai Ajiye Kaki

 Maganarmu ta yau ta shafi wasu 'yan uwanmu ne da ba kasafai ake tunawa da su ba idan ana zancen zaman aure, wato matan sojoji. A nan yankinmu na Riko da Magama da cikin garin Jibiya akwai gidaje da dama da ke da ɗa ko ƙane ko suruki a aikin soja, akwai kuma 'ya'yanmu mata da aka kai aure bariki, wata tana Natsinta a Katsina, wata Giginya a Sakkwato, wata can Maiduguri ko Legas. Saboda haka ko ke ba matar soja ba ce, kada ki wuce wannan shafi, domin wata rana 'yarki ko ƙanwarki za ta iya kiranki da dare tana neman shawara.

Abin da za ta gaya miki shi ne, maigida ya zo hutu, bayan an ci tuwon dare yara sun yi barci ya dube ta ya ce, "Ni fa na gaji. Zan rubuta takardar ajiye aiki, in karɓi kuɗin sallamata mu koma gida." Wata da jin haka sai ta yi guɗa a zuci, domin ta daɗe tana kwana da fargaba. Wata kuwa gabanta ne zai faɗi, ta tuna kuɗin makaranta da buhun masara. Kowacce tana da gaskiyarta, amma kowacce tana iya yin gaggawa. Idan takardar nan ta riga ta fita, abin da zai biyo baya kan gidan gaba ɗaya zai sauka. Ke kuwa uwargida, ke ce kika san ainihin abin da tukunya ke ci a wata, don haka idan kika yi shiru da sunan kunya kin hana mijinki taimako a ranar da ya fi bukatarsa.

Hirar mazan jiya

Kafin ki iya ba soja shawara sai kin fahimci abin da ke ransa, kuma yana nan cikin hirar da yake yawan maimaitawa har yara suka haddace ta. Fitar sojanmu ƙasashen waje ba yau ta fara ba. Kakanninmu sun je yaƙin Bama tsakanin 1943 da 1945 a ƙarƙashin Turawan Ingila. Da samun 'yancin kai a 1960 aka tura soja Kwango, aka yi Labanan daga 1978, aka yi Somaliya a farkon shekarun 1990. Ko sunayen barikokinmu ma tarihin waɗannan tafiye-tafiye ne. Barikin Bukavu na Kano sunan wani gari ne a gabashin Kwango, Kalapanzin na Kaduna daga Bama aka ɗauko shi, Mogadishu da Lungi na Abuja kuwa daga Somaliya da Saliyo.

Amma waɗanda suka ajiye aiki a 'yan shekarun nan, da waɗanda ke dab da ajiyewa, hirarsu ta Laberiya ce da Saliyo da Darfur. A watan Agustan 1990 rundunar ECOMOG ta sauka tashar jiragen ruwa ta Monrobiya ana ɓarin wuta, kuma sojan Nijeriya ne ƙashin bayanta. A 1998 su ne suka kori sojojin da suka yi juyin mulki a Saliyo, suka mayar da Shugaba Ahmad Tijan Kabba kan kujerarsa, sannan a Janairun 1999 suka yi gumurzu unguwa-unguwa da 'yan tawaye a cikin birnin Firitawun. Yaron da ya tashi a Riko, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na gulbi ba, sai ga shi a bakin teku, a ƙasar da ake wuni a kwana ana tafka ruwan sama, ana cin shinkafa da miyar ganyen rogo safe da yamma. Shi ya sa har gobe idan ya ga kin zuba manja a miya sai ya yi dariya ya ce ai ba ku ga manja ba.

Ku iyayenmu da kuka yi zaman bariki a wancan lokaci kun fi kowa sanin ɗaya ɓangaren labarin. Wayar salula ba ta fara yaɗuwa ba sai 2001. Wasiƙa ce ake damƙa wa wanda zai dawo, ko a ɗauki murya a kaset, a shafe wata uku babu labari. Da yamma a taru a ɗakin magajiyar bariki a kunna rediyo, ana jin an ambaci Laberiya sai kowa ta yi tsit. Gwamnati da kanta ta bayyana a 1999 cewa aikin ECOMOG ya ci wa Nijeriya kimanin dala biliyan 8 da rayukan ɗaruruwan sojoji.

Darfur ta ƙasar Sudan, inda aka fara tura sojanmu a 2004 a ƙarƙashin Tarayyar Afirka, ita ce ta fi kama da gida. Ga rairayi, ga aduwa da magarya, ga raƙuma da jakai, ga asida da miyar busasshiyar kuɓewa kamar tuwonmu. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne su shiga kasuwa su ji ana ciniki da Hausa, domin jikokin alhazan da suka bi hanyar Makka ta ƙasa suka yada zango a Sudan suna nan da harshensu. Sai dai a can ne kuma, cikin azumin 2007, 'yan tawaye suka afka wa sansanin Haskanita suka kashe sojojin kiyaye zaman lafiya, bakwai daga cikinsu 'yan Nijeriya.

Daɗin dala, da ciwon da ba a gani

Ki lura 'yar uwa, wannan hira fuska biyu gare ta, kuma kowacce tana iya jan maigida zuwa ga kuskure.

Ta farko ita ce ta kuɗi. Aikin Majalisar Ɗinkin Duniya da dala ake biyansa. An yi shekaru majalisar tana ba ƙasar da ta tura soja dala 1,028 a kan kowane mutum duk wata, kafin a ƙara a 2014, ita kuma ƙasar ta fitar wa sojanta alawus. Kofur ɗin da ya yi wata shida ko shekara a waje yakan dawo da abin da albashinsa ba zai tara masa a shekaru ba. Da wannan kuɗi aka sayi filaye, aka yi rufin kwano, aka kai iyaye Makka, wasu kuma suka ƙaro aure. Girman kuɗin a wurin ƙaramin soja ya kai har a Yulin 2008 wasu da suka dawo daga Laberiya suka tare hanya a Akure saboda an riƙe musu alawus, kotun soja ta yanke wa mutum 27 ɗaurin rai da rai a 2009, kafin daga baya a sassauta hukuncin.

To wanda ya taɓa riƙe kuɗi a dunƙule ya ga sun yi masa gida, idan aka ce masa ga miliyoyin sallama, wancan zamanin yake tunawa. Alhali a tsakiyar 2008 dala ba ta kai naira 120 ba, a 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Miliyan ɗaya ta wancan lokaci da ta yau suna ne kawai ya haɗa su, ke da kike aunar tiyar gero kin fi kowa sani. Bugu da ƙari, kuɗin Darfur sun zo ne albashi yana nan yana shigowa duk ƙarshen wata, su kuwa kuɗin sallama zuwansu shi ne tafiyar albashi. Shi ma mai cewa bari ya ƙara haƙuri ko a sake tura shi waje, zaman tsammanin warabbuka yake yi. Aikin Saliyo ya ƙare a 2005, na Laberiya a 2018, na Darfur a ƙarshen 2020, kuma tun 2013 aka riƙa dawo da soja gida saboda yaƙin Arewa maso Gabas, daga baya kuma ga na dazuzzukanmu. Fitar da ta rage kaɗan ce, masu nema kuma da yawa.

Fuska ta biyu ba a hirarta a tsakar gida, ke kaɗai kike ganinta. Firgita cikin barci, zabura idan an buga ƙofa da ƙarfi, faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, zama shi kaɗai a ɗaki ba magana, wani ma har ya fara neman ƙwayar da za ta sa shi barci. Wannan ciwo ne da likitoci suka sani, yana kama wanda ya ga tashin hankali da idonsa komai jarumtarsa da ƙarfin imaninsa, kuma ana maganinsa. Akwai asibitin soja na 44 a Kaduna, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato. Idan wannan ne ke bayan kalmar "na gaji", to a fara da likita tun yana cikin aiki, domin ciwon da aka rubuta a fayil ɗinsa shi ake dubawa wajen haƙƙin jinya. Idan ya fita da shi ba magani, ciwon zai biyo ku gida, ga kuma zaman banza ya ƙara masa.

Lissafi kafin takarda

Neman sallama ba baƙon abu ba ne. A Yulin 2020 jaridu sun ruwaito cewa sojan ƙasa 356 ne aka amince su ajiye aiki a tashi ɗaya, yawancinsu ƙananan sojoji. Wasu sun fita sun ji daɗi, wasu sun yi da-na-sani, kuma abin da ya raba su sau da yawa lissafi ne. Ga abubuwan da ya kamata ku zauna ku duba tare.

Na farko, shekarun aiki. Da aka kawo sabon tsarin fansho na adashi a 2004 an saka soja a ciki, amma a 2011 aka cire su, suka koma hannun Hukumar Fanshon Soja da ke Dutsen Alhaji a Abuja. A wannan tsari, akwai adadin shekarun da idan soja bai kai ba garatuti kawai zai samu, babu fansho na wata-wata. Bayan ya kai kuma, kowace shekara da ya ƙara tana ɗaga kason da za a riƙa biyansa, har zuwa shekara 35. Kundin sharuɗɗan aikin soja an sabunta shi a 2017 da kuma ƙarshen 2024, saboda haka kada a dogara da abin da Samanja wane ya faɗa a majalisa. Maigida ya je ofishinsu a lissafa masa a rubuce, nawa zai samu idan ya fita bana, nawa idan ya ƙara shekara biyu. A Ingila ma, lokacin da aka rage sojan ƙasa daga kimanin 102,000 zuwa 82,000 ta hanyar sallama tsakanin 2011 da 2014, an sami waɗanda aka sallama saura 'yan watanni su kai shekarun fansho, suka yi asara mai yawa. Su ba da son ransu ba ne, kada ku ku jawo wa kanku irinta da hannunku.

Na biyu, hanyar fita. Soja ba ya ajiye aiki kamar ɗan kamfani. Sai ya rubuta, takarda ta bi matakai, an amince, an sa masa rana. Wanda ya zo hutu ya ƙi komawa, ko ya yi fushi ya ajiye bindiga ya kama gabansa, ya zama ɗan gudun soja, ana iya kora ko ɗaure shi, wahalar shekaru ta tafi a banza. Duk zafin da ransa ya yi, ki riƙe shi a kan wannan.

Na uku, tazarar da ke tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko. Ba ranar da aka yi faretin bankwana kuɗi ke shigowa ba. A 2025 an ga tsofaffin sojoji sun yi zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja fiye da sau ɗaya suna neman haƙƙoƙinsu. Shin kuna da hatsi da ɗan abin kashewa da zai riƙe ku aƙalla wata shida ko naira ba ta shigo ba? Idan babu, lokaci bai yi ba tukuna.

Na huɗu, abin da bariki ke ɗauke muku ba ku lura ba. Ɗaki, ruwa, tsaro, makarantar yara a kusa, asibiti, da 'yar sana'arki ta kasuwar Mami. Da zarar an sallame shi za a bukaci ɗakin. Ki ɗauki biro ki rubuta nawa kowanne zai ci a waje, ki haɗa da kuɗin abinci, ki ajiye kusa da fanshon da aka lissafa masa. Wannan 'yar takarda ta fi dogon musu amfani.

Na biyar, takardu. Sunansa da ranar haihuwarsa su zama ɗaya a fayil ɗin aiki da banki da katin ɗan ƙasa, domin harafi ɗaya yana iya tsayar da fansho watanni. Sannan a duba wanda ya rubuta a matsayin makusancinsa. Da yawa tun suna kurata a Defon Zariya suka rubuta mahaifi ko yaya, yau ga mata da 'ya'ya, mahaifin ma ya rasu, ba a gyara ba. Wanda aka rubuta ɗin kuma ya sani cewa amana ce zai karɓa a madadin magada.

Gidan da za a koma

Maigida yana tuna Riko ta ƙuruciyarsa, gona tana bayan gari, mota tana zirga-zirga daga Magama zuwa Ɗan Isa har Maraɗi, kasuwar Jibiya tana cika maƙil ran Lahadi. Ki tuna masa abin da ya faru yana bakin daga. An rufe iyaka a Agustan 2019, ita ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai Maris ɗin 2024 aka buɗe. A 2021 saboda matsalar 'yan bindiga gwamnatin jiha ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama har da tamu, aka kuma katse layin waya na wasu watanni. An ƙulla sulhu a farkon 2025, mutane suka ɗan sami sararin komawa gonakinsu, muna roƙon Allah Ya ba mu dawwamammen zaman lafiya. Amma wanda zai zuba gumin shekara ashirin a sana'a ɗaya dole ya san irin guguwar da ta taɓa kaɗawa a nan.

Wata ɗalibata a ajin matan aure, mijinta ya karɓi kuɗinsa ya sayi mota don jigilar Maraɗi ana saura 'yan watanni a rufe iyaka. Motar ta yi shekara a ƙofar gida kaji na kwana a ƙarƙashinta, daga baya aka sayar da ita a wulaƙance. Wata kuma tun saura shekara biyu mijinta ya fita ta matsa aka sayi injin niƙa da tumaki shida, aka kama 'yar fadama a wajen dam ana noman rani, ƙanensa yana kula. Ranar da ya dawo, aiki ya tarar yana jiransa. Akwai cibiyar koya wa sojoji masu barin aiki sana'a a Oshodi ta Legas, inda ake yin wata shida, idan ya sami dama kada ya raina. Amma sana'ar da aka fara gwadawa da kaɗan tun albashi na shigowa ta fi wadda aka faɗa wa da dukkan jari rana ɗaya.

Sai kuma mutane. Ranar da aka ji an biya Saje, ranar dangi ke ƙaruwa. Wannan zai aurar da 'ya, wancan bashi ya kama shi, ga masu kawo harkar zuba kuɗi a waya su ninka cikin wata guda. MMM ta tafi da kuɗin jama'a a 2016, CBEX ta maimaita a 2025. Ku yanke tun kafin kuɗin su zo, ga na iyaye, ga na zumunci, ga wanda ba a taɓawa ko da wa ya zo. Haka kuma a gari irin namu tsohon soja ba ya ɓuya. Za a zo a ce shi ya san bindiga, ya shige gaban 'yan sintiri. Ku tattauna wannan tun yanzu, kada ya bar daga mai albashi da asibiti ya faɗa wadda babu ko ɗaya.

Wani lokacin fita ita ce alheri

Kada ki fahimce ni cewa ina nufin ki danne shi ya zauna ko ta halin ƙaƙa. Rai ya fi fansho. Idan jiki ya gaza, ko likita ya ce hankalinsa na bukatar nisa da fagen daga, ko shekarunsa sun kai kuma akwai abin yi a hannu, to fita ba gazawa ba ce. Akwai kuma haƙƙinki da na yara. Malamai sun kawo cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, bayan ya bincika tsawon lokacin da mace za ta iya jure rashin mijinta, ya hana a riƙe mayaƙi a fagen daga fiye da wata huɗu zuwa shida. Yau akwai wadda mijinta ke shekara biyu ko uku a daji, sai 'yan kwanakin hutu. Yaron da ya kai shekara goma sha huɗu bai san tsawar mahaifinsa ba, shi ma asara ce da ba a rubuta ta a takardar albashi. Ki saka wannan a ma'auni kamar yadda kika saka kuɗin haya.

Yadda za ki ɗauko maganar

Kada ki amsa masa a daren da ya faɗa. Ki ce, "Allah Ya zaɓa mana mafi alheri, Baban yara, bari mu kwana a kai." Washegari idan ya huta, ki roƙe shi ya ba ki labarin Darfur ko Saliyo, wannan karon ki saurara da kyau, ki tambaye shi abokan da suka tafi tare ina suke yanzu, wa ya fita, yaya ya ƙare. A nan za ki gane ko gajiyar jiki ce, ko fushi da wani na sama da shi, ko tsoro, ko kewar gida. Fushi yakan wuce idan an yi canjin wurin aiki, ba a ajiye aikin shekara goma sha biyar saboda mutum ɗaya.

Sannan ki fito da 'yar takardar lissafinki cikin ladabi, ba gaban yara ba, ba gaban abokiyar zama ba sai idan tare kuka shirya. Kada ki ce wane ya fita ya yi gida, kada ki ce wance mijinta ya kai Samanja. Ki ba shi shawarar ya zauna da mutum biyu da suka riga shi fita, wanda ya dace da wanda bai dace ba. Ku yi istihara, ku sa wa kanku wa'adi, ko wata uku ne, kafin a rubuta komai. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, amma wannan gwaji sau ɗaya ake yinsa.

Idan ya yanke hukunci bayan duk wannan, ko zama ko fita, ki tsaya a bayansa, kada watarana ki goranta masa. Mutumin da ya saba da fareti da asuba zai sha wahalar zama ba aiki a watannin farko, zai bukaci haƙurinki fiye da lokacin da yake daji.

Allah Ya tsare mana mazajenmu da 'ya'yanmu da ke bakin daga, Ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama a gida da waje, Ya dubi marayun da suka bari, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu.